Idan kun rasa dalilin kisan, kada ku ce mai kisan mahaukaci ne

Ƙannena masu sha'awar rubuta labarin kisan kai da makirci, irin wanda mai karatu zai kwana bai runtsa ba, akwai ramin da sabon marubuci yake yawan faɗawa, kuma ni ma na faɗa cikinsa. Za ka ƙulla labari, gawa ta faɗi tun babi na biyu, ka yi ta jan mai karatu har ƙarshe, sannan ka farga ba ka tanadi dalilin da ya sa mai kisan ya yi kisan ba. Sai ka ce ai dama yana da taɓin hankali, ka rufe littafi.

Haka na yi a labarina na farko. Wata mata ce ake ta kashe makusantanta, tana neman mai laifin ido rufe. A babin ƙarshe likita ya shigo da farar riga ya bayyana cewa ita ce, wai mutum biyu ne a jikinta, ɗaya na kisa da dare, ɗaya na kuka da safe, kuma sunan cutar sikizofiriniya. Ni a ganina na yi bajinta. Wata dattijuwa da ta daɗe tana aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa ta karanta, ta ce min, "Ɗana, labarinka ya hana ni barci, amma wannan cutar ban taɓa ganin ta a kan gadon asibiti ba. A ina ka samo ta?" A fina-finai na samo ta, sai dai kunya ta hana ni faɗa.

Cuta biyu na haɗa na dama. Sikizofiriniya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa tana damun mutum kusan miliyan 24, wato ɗaya cikin 300, ba ta raba mutum gida biyu. Yawanci takan fara ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekaru ashirin da wani abu. Mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai jin su sai shi, ya kafe a kan wani zato da babu hujjar da za ta raba shi da shi, maganarsa ta riƙa tsinkewa tana kama wata hanya. Sannan akwai ɓangaren da marubuta ba sa son rubutawa saboda ba ya tayar da tsikar jiki: mutum ya janye daga jama'a, ya yini zaune wuri ɗaya, wanka ya gagare shi, fuskarsa ba murna ba baƙin ciki. Wannan ɓangaren shi ya fi cinye shekarun mai cutar da na iyalinsa. Ita kuwa lalurar da mutum ke jin kamar akwai wasu mutane a cikinsa daban take, an fi danganta ta da mummunar azabar da aka sha tun yarinta, kuma har yau likitoci na jayayya a kanta.

Abin da ya fi ba ni haushi da kaina shi ne, tawa mai kisan tana goge sawun yatsu, tana shirya shaidun ƙarya, tana wasa da hankalin 'yan sanda wata da watanni. Wanda cutar ta tasar masa, da wuya ya iya tsara yininsa ɗaya, balle wannan. Mafi yawan masu lalurar ƙwaƙwalwa ba su taɓa kashe kowa ba, kuma sun fi zama waɗanda ake cuta a kan su zama masu cutarwa. Duk lokacin da muka rubuta akasin haka muna ƙara wa maƙwabci tsoron yaron gidan can da ke shan magani.

Ba cewa nake yi cuta ba ta taɓa kai mutum ga kisa ba. Ku duba shari'ar Daniel M'Naghten, wani masassaƙi daga Gilasgo. A watan Janairun 1843 ya harbi Edward Drummond, sakataren Firaministan Birtaniya Robert Peel, a kan titi a Landan, kuma ana kyautata zaton Peel ɗin ya nufa. Ya yi imani 'yan jam'iyyar da ke mulki sun sa masa 'yan leƙen asiri suna bin sa duk inda ya sa ƙafa. Abin da ya kamata marubuci ya lura da shi, mutumin bai ɓoye wannan zargi ba. Tun kafin harbin ya kai kukansa wurin mahaifinsa, ya kai wurin hukumomin garinsu, babu wanda ya ɗauki maganar da nauyi. Cutar ta daɗe a fili kowa na kallo. Idan har cuta ce za ta kai jaruminku ga kisa, to mai karatu ya ga tana girma tun daga shafukan farko, ya ga waɗanda suka kau da kai. Kada ku adana ta a aljihu sai babin ƙarshe.

Shari'ar nan ta gyara min wani kuskuren kuma. A labarina lauya na cewa "ba ta cikin hayyacinta" alƙali ya sallame ta ta koma gida. An wanke M'Naghten bisa dalilin taɓin hankali, amma bai sake taka titi ba: an tsare shi a asibitin Bethlem, daga baya aka sauya masa wuri zuwa asibitin Broadmoor, a can ya mutu a 1865. Hukuncin ya tayar da ƙura har majalisar dattawan Birtaniya ta sa alƙalai suka fitar da ƙa'idar da ƙasashe da dama suka gada: rashin lafiya kawai bai isa ba, sai an tabbatar cewa a lokacin aikata laifin mutum bai san abin da yake yi ba, ko bai san laifi ba ne. John Hinckley da ya harbi Shugaba Reagan na Amurka a 1981, an wanke shi a 1982 bisa irin wannan dalili, amma sai a 2016 ya bar asibiti.

Sai makirci, inda na fi yin shirme. Na sa likita da ɗan sanda da miji da alƙali da mai gadi duk bakinsu ɗaya, ban tambayi kaina me kowannensu zai samu ba, ko me zai hana ɗaya ya yi suɓul da baka. Makircin gaske da ya shafi ƙwaƙwalwa ya fi wannan sanyi, kuma ya fi ban tsoro. A Tarayyar Sobiyet an yi ta tsare masu sukar gwamnati a asibitoci da sunan wata sikizofiriniya "mai tafiyar hawainiya", wadda alamunta suka haɗa da naci a kan neman gyara. Wani mai sukar gwamnatin, Vladimir Bukovsky, ya fitar da takardun wasu daga cikinsu zuwa ƙasashen waje a 1971, aka ɗaure shi saboda haka, kuma a 1983 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Sobiyet ta fice daga ƙungiyar duniya kafin a kore ta. A Amurka ma hukumar leƙen asiri ta CIA ta fara wani shirin sirri mai suna MKUltra a 1953, ana gwada ƙwayoyi masu jirkita hankali irin su LSD a kan mutanen da wasu ba su ma sani ba, kuɗin shirin har ya kai wani asibiti a Kanada. A 1973 shugaban hukumar ya sa aka lalata yawancin takardun. Babu mai sanye da baƙar riga a lungu. Likita ne da biro, da fom, da sa hannu.

A nan ainihin tsoron yake. Da zarar an rubuta a fayil cewa mutum na da mummunan zato, duk abin da ya faɗa ya zama alamar cuta. Ya ce ana bin sa, a rubuta. Ya yi fushi don ba a yarda ba, a ƙara allura. Ya yi shiru, a ce ya janye daga jama'a.

Don haka da zan sake rubuta labarin nan, zan bar matar da cutarta ta gaske, in kuma bar ta da gaskiyarta. Tana jin muryoyi, e, amma ta ga kisan da idonta. Tana shan magani irin su kulofuromazin, wanda aka fara ba masu wannan lalura a Faris a 1952, kuma zan nuna abin da yake yi mata: bakinta a bushe, hannu na rawa har shayi na zuba daga kofi, wuya ya sandare, barci na fizgar ta a daidai lokacin da ɗan sanda ke ɗaukar bayaninta. Idan ta sha, kanta ya lafa amma ba ta da kuzarin bin sawu. Idan ta daina, kuzari ya dawo, muryoyin ma su dawo, ita kanta ta fara shakkar abin da ta gani. Mai kisan kuwa lafiyarsa ƙalau, dalilinsa irin na kowa ne, gado ko kishi ko rufin asiri, kuma ya san babu kotun da za ta saurare ta.

Sai dai ku yi wa mai karatu adalci guda. Ku ajiye masa shaida ɗaya da ba a cikin kan matar take ba, rasit, ko kiran waya da wani ya ji, ko ranar da aka sauya a fayil ɗin asibiti. Ku sa ta da wuri, a wurin da ido zai wuce ta bai tsaya ba. Kafin kuma ku saki labarin, ku nemi ma'aikacin jinya ko likitan ƙwaƙwalwa ya karanta babin asibitin da biro a hannu.