Dokar hayaƙi da ƙarshen Vespa PX

Duk wanda ya taso yana jin ƙarar Vespa a titunan Kano ya san shuɗin hayaƙinta, domin injinta mai bugu biyu yana ƙona fetur ne haɗe da baƙin mai. Hayaƙin nan ne ya ja mata. Kamfanin Piaggio na Italiya, mai ƙera Vespa, ya fito da samfurin PX a 1977, ya yi ta lallaɓa shi har da sanya masa matatar hayaƙi, amma da dokar Euro 4 ta Tarayyar Turai, mai taƙaita hayaƙin da inji ke fitarwa, ta hau kan dukkan sababbin babura a 2017, sai ƙera shi ya tsaya. Ni dai ban ga laifin dokar ba, ko da yake mai sha'awar wannan babur yanzu sai dai ya nemi na hannu.