Kiɗa ne a gaba, zane na biye: yadda ake ɗora katun a kan tsohon kiɗan Turai

Duk wanda ya taso a Zariya zamanin da yara ke cika ɗakin mai talabijin da yamma ya san Tom da Jerry. Akwai wani guntu nasu na 1947, The Cat Concerto, inda muzurun ya sha baƙar kwat yana kaɗa fiyano, ɓeran kuwa na barci a cikin akwatin fiyanon har 'yan gudumomin ciki suka tashe shi. Kiɗan na Franz Liszt ne, wanda ya rasu a 1886. Yana farawa a hankali da nauyi, can sai ya ɓalle da gudu, rigimar dabbobin biyu kuma na tafe a sawunsa taki bayan taki. Guntun ya ci kyautar Oscar.

Abin da ya sa motsin ya zauna daram shi ne an naɗi kiɗan tun kafin a ɗora fensir a takarda. Haka kamfanin Disney ya yi a Fantasia: Leopold Stokowski ya jagoranci makaɗa aka naɗi sautin a 1938 da 1939, fim ɗin bai fita ba sai Nuwamban 1940. Da yawa daga masu koyon katun a Samaru da Sabon Gari sukan juya al'amarin, su gama zane sannan su nemo kiɗa su liƙa. Shi ya sa ƙafar mutum ke sauka daban, ganga na faɗuwa daban.

Lissafin ba wuya. Fim na tafiya da hoto 24 a sakan ɗaya, wato 1,440 a minti. Ƙirga bugun kiɗan a minti, ka raba 1,440 da shi. Bugu 120 zai ba ka hoto 12 kowane bugu, 90 ya ba ka 16, 144 ya ba ka 10. In kana riƙe kowane zane na tsawon hoto biyu, kamar yadda aka saba, minti ɗaya zai ci zane 720. Mai aiki da waya a kan hoto 30 a sakan sai ya raba 1,800. Zaɓi ɗaya tun farko, kada ka sauya a tsakiyar aiki.

Inda ake tuntuɓe shi ne lambar da ba ta rabuwa daidai. Bugu 100 a minti yana ba da 14.4. Ka ce bari ka yar da ɗigon ka yi 14, to bayan bugu 60 zanenka ya riga kiɗan da hoto 24, sakan guda cur, kuma ko yaro zai gane. Maganinsa a jera 14, 15, 14, 15, 14, jimla 72, daidai da bugu biyar.

Sai dai tsohon kiɗan Turai ba ya tsayawa kan gudu ɗaya. Jagoran makaɗa yakan ja, ya saki, ya dakata kamar mai numfashi, kuma a nan daɗinsa yake. Don haka dole a bi shi bugu-bugu. Buɗe sautin a Audacity, wata manhajar gyaran sauti, ka sa alama a kan kowane bugu, ka mai da lokacin zuwa lambar hoto, ka rubuta a takarda mai layi: gefe ɗaya lambar hoto, gefe ɗaya abin da kunne ke ji, gefe na uku abin da ido zai gani. Yi amfani da abin saurare mai waya, domin na Bluetooth yana jinkirta sauti, alamominka duka sai su zame baya. Kuma fayil ɗin sauti nau'in WAV ya fi na MP3 a wannan aiki, saboda MP3 kan ƙara ɗan shiru a farkon fayil.

Motsi mai ƙarfi, kamar mari ko faɗuwa, a sa shi hoto ɗaya ko biyu kafin sautin. Ido ya saba ganin abu kafin kunne ya ji, kamar yadda ake hango taɓarya ta sauka a turmi daga nesa kafin ƙarar ta iso. Sauti ya riga hoto kuwa nan take mai kallo ke jin wani abu ya karkace.

Ni a ganina, babban darasin yana cikin guntun Mickey da tsintsiya a Fantasia, inda ɓeran katun ɗin ya yi wa tsintsiya tsafi tana ɗebo masa ruwa har ta ƙi tsayawa, a kan kiɗan Paul Dukas na 1897. Ba kowane sauti aka bi da motsi ba. An ba tsintsiya muryar basun, wani dogon abin busa na katako mai kaurin murya. Bayan Mickey ya faskara ta da gatari sai wuri ya yi tsit. Can sai busa mai kauri ta yi gurnani sau ɗaya, wani guntun itace ya motsa, ta sake yi, ya sake motsawa, har guntayen suka miƙe kowanne da bokitai biyu. Abin busa guda aka ɗaura wa tsintsiya ita kaɗai, sauran makaɗan aka bar musu ruwa da haske.

Hattara da haƙƙin mallaka. Rubutaccen kiɗan Liszt ko na Beethoven ya zama na kowa, amma naɗin da wata ƙungiyar makaɗa ta yi yana da masu shi, kuma YouTube na iya toshe bidiyonka a kansa. Nemi naɗin da aka saki kyauta da izini a rubuce.

Dabarar tana aiki a kan kiɗanmu. Kalangu na bin hawa da saukar magana, don haka alama biyu yake so, ta bugu da ta inda makaɗi ya matse tsirkiya murya ta hau. Kakakin fadar Zazzau kuwa ba bugu ake ƙirga masa ba. Sa alama inda mai busa ya fara da inda numfashinsa ya ƙare, ka ba tsakanin motsi ɗaya dogo, kamar yadda mahayin doki ke ɗaga mashi a hawan sallah.