Na'urar ganin kifi da na saya, da abin da ta yi wa fatsata

A Yawuri na girma, inda kawuna ke duban ruwa kawai ya ce maka yau akwai karfasa a gindin waccan ciyawa. Da aiki ya kawo ni Memfis a Amurka, fatsa ce ta zame mini abin rage kewa. Ranar Asabar nakan ja ƙaramin jirgina zuwa tafkin Sardis a jihar Misisifi, tafiyar awa ɗaya, neman wani kifi mai faɗi da suke kira kirafi.

A can na lura kowa ya sunkuya yana kallon allo. Na'urar sona ce ta zamani. Tana aika sauti cikin ruwa, amsa-kuwwar ta dawo ta zama hoto mai motsi nan take. Tsohuwar sona abin da jirgi ya riga ya wuce ta kansa take nuna maka, wannan kuwa gabanka take haskawa. Kamfanin Garmin ya fito da irin wannan na'ura mai suna LiveScope a 2018, kamfanonin Lowrance da Humminbird suka biyo baya da nasu.

Na daure na sayi ɗaya. Kan na'urar da ke shiga ruwa, allo, sandar da ake juya ta, ga batir na musamman domin tana shan wuta ba kaɗan ba, sai da kuɗin suka haura dala 2,000. Uwargida ta tambaye ni kifi nawa ke nan a kasuwa. Shiru na yi.

Fita uku na farko ban gane komai ba. Ɗige-ɗige ne fari-fari, ban san kifi ba, ban san reshen itace ba, iska ta ɗan juya jirgin sai hoton ya ɓace. A ta huɗu ne na ga kotona yana sauka a allo, wani ɗigo ya taso daga cikin rassa, ya tsaya daf da shi kamar mai shinshina. Na ɗaga sanda kaɗan, ya biyo, ya kai cafka. Wallahi sai da hannuna ya yi rawa.

Kamu ya ƙaru, ba musu. Na koyi cewa kirafi daga ƙasa yake tasowa wa koto, don haka a samansa ake riƙe ƙugiya. Amma ganin kifi ba kama shi ba ne. Na taɓa ɓata kusan awa guda kan wani ƙato da ya ƙi ci, ina kallonsa yana juya mini baya. A da, da tuni na yi gaba.

Hukuma ma ta lura. A 2024 Misisifi ta rage kirafin da mutum zai iya ɗauka a rana a Sardis da wasu tafkuna uku, daga 15 zuwa 10, kuma yawaitar wannan na'ura na cikin dalilai.

Ga wanda ke fita kowane mako yana farautar manya, kuɗinsa ba su faɗi ba. Mai zuwa sau biyar a shekara kuwa, kafin idonsa ya saba da allon, shekara ta ƙare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ɗana ne. Wata Asabar ya ce, "Baba, ka ga mikiyar da ta sure kifi yanzu?" Ban gani ba, wuyana ma ya ƙage don sunkuyo. Yanzu ina kunna na'urar in nemo inda rassa suke a cikin ruwa, in saki anga, in kashe. Shi kuma sai naci yake in bar masa ita a kunne.