Ranar da tagar rufin motata ta cije

Motata 'yar Kwatano ce, kuma tagar gilashin da ke rufinta na cikin abin da ya ja ni na saye ta. A hunturun bara ta fara gardama. In na danna maɓalli sai ta ja baya kamar taƙi ɗaya, ta yi ƙara, ta cije.

Tunda ina jin kukan ɗan injin da ke jan tagar, na san ba fis ne ya ƙone ba. Nan take na daina dannawa, domin matsa mata kan cinye haƙoran da ke jan gilashin, gyaran kuma ya koma na kuɗi masu yawa.

Ranar Asabar na taka benci na leƙa. Hanyoyi biyun da gilashin ke bi sun cika da tsohon giris da ya sha ƙura, ya yi baƙi ƙirin, ya daskare kamar kwalta. A ta hagu har da ƙwallon darbejiya, don a ƙarƙashinta nake ajiye motar. Da tsohon buroshin haƙori da tsumma na bi su lungu-lungu. Ƙanena ya miƙo mini baƙin mai, na ce masa a'a, shi ne ma ke tara ƙura. Giris na silikon na shafa kaɗan, har da robar gefe.

Kafin in sauko na zuba ruwa a ramukan magudanar ruwa da ke kusurwoyin tagar, na ga ya ɗigo ta ƙasan mota, hankalina ya kwanta game da damina. A dannawa ta uku tagar ta buɗe sumul har ƙarshe.