Mako na shida: farfela ta juya, lissafi ya ƙi

'Yan'uwa masu koyo, ga inda aka kwana a gwajina na raba ruwa da wutar batir zuwa iskar haidurojin da ta oksijin, in ƙona haidurojin ya tafasa ruwa, tururi ya juya farfela.

Ƙusoshin da na fara tsomawa a ruwa don shigar da wutar batir tuni na zubar, domin kwana biyu kacal ruwan ya koma kalar kunun tsamiya saboda tsatsa. Na sayo cokulan silba biyu a kasuwar Sabon Gari. Gishiri ma na daina zubawa, shi ke fitar da iskar kulorin mai guba. Bekin soda nake sawa yanzu.

Da na haɗa batir mai bolt 12, na kifa kwalba a kan kowane cokali, sai ga abin da muka karanta a aji ya fito a fili: kwalbar haidurojin tana tara ninki biyu na abin da ta oksijin ke tarawa. Kowacce da tiyonta, ba sa haɗuwa sai a bakin wuta. Kada wanda ya tara su a mazubi ɗaya, don Allah, bam ne. Harshen wutar kuma da rana ba ya ganuwa, da gashin hannuna na gane tana ci.

Tukunyar tururina gwangwanin madara ne mai ɗan huji. Ranar Asabar tururi ya fito yana shiii, farfelar da na yanka daga marfin gwangwani ta juya kamar daƙiƙa ashirin. Bakanike maƙwabcina a Tudun Wada ya leƙo, ya ce, "Injiniya, yaushe za a zuba wa kekena ruwa mu huta da fetur?"

Na ce, "Oga, zauna ka ji." Awa guda ina jan amfiya 5, batir ya ba da ƙarfin wat-awa 60, wato bolt 12 sau amfiya 5. Haidurojin da na samu ya ɗan haura lita biyu, zafin da ke cikinsa bai wuce wat-awa 7 ba, ko shayi kofi ɗaya ba zai tafasa ba. Saura duk ya tafi wajen ɗumama ruwan, tunda mazubi ɗaya mai cokula biyu bolt 2 ya ishe shi. Ko an gyara komai, ƙona iskar ba zai dawo da fiye da abin da aka kashe wajen raba ruwan ba. Motar Stanley da ta haura kilomita 200 a awa a Amurka a 1906 da tururi ta yi gudu, amma mai ta ƙona a ƙarƙashin tukunyarta.

Mako mai zuwa zan jera mazubai shida a layi ɗaya, kowanne da cokula biyu, su raba bolt 12 ɗin. Cokula goma nake nema, mai rahusa ya yi magana.