Kwanakin da gnuplot ta yi mini shiru

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ɗora mini aikin bin ƙarfin batiran wutar sola a ɗakin gwaji. Na'ura na rubuta lambobi cikin fayil, ni kuma kowace safiya in buɗe gnuplot, manhajar da ke mayar da lambobi zane, in yi ta buga umarni da hannu har zanen ya fito. Tsohuwar manhaja ce, Thomas Williams da Colin Kelley suka fara ta tun 1986, kuma don mutumin da ke zaune gaban allo aka gina ta: ya rubuta, ya duba, ya sake rubutawa. Da maimaicin ya ishe ni, sai na rubuta ɗan shiri da Python, yaren rubuta manhaja, wanda zai riƙa tura mata umarni ta bututun da ke haɗa manhaja da manhaja.

Karon farko tagar zanen ta bayyana ta ɓace kamar walƙiya. Shirina ya gama ya rufe bututu, ita ma ta tattara ta tafi. Ƙara -persist, wanda ke sa tagar ta zauna a buɗe, ya magance wannan.

Na biyu ne ya ci mini kwanaki. In tura umarni, shiru, ba zane ba kuka. Ashe maganar ba ta ma kai kunnen gnuplot ba. Python na tara abin da aka rubuta a ma'ajiya, ba ya sakin sa sai ta cika ko an kira flush(). Da na gyara wannan sai wani shirun ya biyo baya. Idan ka ce plot '-' kana zuba lambobi kai tsaye, dole ka rufe da layi mai harafin e shi kaɗai. Na manta, ita kuwa ta zauna tana jiran ragowar lambobin, ta ɗauki umarnin da ya biyo baya a matsayin bayanai.

Sai matsalar hotuna. Wani lokaci fayil ɗin PNG ya fito lafiya, wani lokaci fanko ko rabi. Abin da na fara yi, kuma nake ganin ɗalibai da yawa na yi, shi ne sa shirin ya yi barcin daƙiƙa biyu kafin ya buɗe hoton. Ya yi aiki a kwamfutata. A tsohuwar kwamfutar ɗakin gwaji kuwa, ranar da bayanai suka yi yawa, daƙiƙa biyu ba su isa ba. Wannan barcin ba gyara ba ne, fata ne kawai.

Nan na gane abin da nake yi da hannu ba tare da na sani ba. Ina gaban allo, ban taɓa buga sabon umarni ba sai na ga alamar gnuplot> ta dawo. Idan kuskure ya fito, idona na kansa. Shirina ba shi da ido, kuma ban ba shi kunne ba. Sai na sa ya rufe fayil da set output, ya sa gnuplot ta buga kalmar "nagama", ya kuma tsaya sai ya ji ta. Nan ma akwai tarko: abin da umarnin print ya buga na fita ne ta ƙofar kurakurai, wato hanyar da aka ware wa saƙon kuskure, sai ka ce set print "-" kafin ya biyo ta ƙofar da aka saba. Ƙofar kurakuran ma dole a riƙa kwashe abin da ke cikinta, domin bututu a Linux baiti 65,536 yake ɗauka. In ya cika, gnuplot ta tsaya jiranka, kai ma kana jiranta.

Daga baya na ci karo da Expect, wadda Don Libes ya rubuta a 1990 domin irin wannan zancen na aika, jira amsa, sake aikawa. 'Yar'uwarta a Python ita ce pexpect. Ban koma kanta ba, kalmar "nagama" ta wadatar da ni, kuma da ita shirin ya zana duk hotunan da suka shiga kundin kammala karatuna.