Gidan makuti da na gani a wayar wani baƙo a Apapa

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci a Apapa na tsaya wajen mai shayi, sai ga wani bawan Allah ya zo ya zauna kusa da ni, ashe ɗan Kenya ne, a jirgin ruwa yake aiki kuma jirgin nasu na jiran a gama sauke kaya. Muka gaisa, hira ta yi hira, sai ya ce min shi ɗan ƙabilar Digo ne. Wallahi ban taɓa jin sunan ba sai ranar. Ya ce suna zaune ne a bakin teku, daga kudancin Mombasa, yankin Kwale, har a tsallaka boda a shiga Tanga ta Tanzaniya, kuma suna cikin ƙabilu 9 da ake haɗawa a kira Mijikenda. Yawancinsu Musulmi ne, tun cikin ƙarni na 19 Musulunci ya fara ratsa su.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne hoton gidan mahaifiyarsa da ya nuna min a waya.

Gidan ƙasa ne. Ya ce da farko ana kafa dirkoki, sai a gitta siraran itatuwa a ɗaɗɗaure su kamar ana saƙa, sannan a kwaɓa ƙasa a riƙa cusawa a tsakani har bango ya tashi, a bi shi da yaɓe. Rufin kuma da ganyen kwakwa ake yi, busasshe, a jera shi a kan sanda a ɗaure fallaye-fallaye, sunansa makuti. Ina jin kalmar nan sai makuba ta faɗo min, wadda kakanninmu ke haɗawa da ɓawon ɗorawa su shafe soro da katanga don kada ruwa ya ci ginin. Su kwakwa ce ta rufa musu asiri, mu giginya ce ke ba mu azara, kowa da abin da Allah ya tsirar masa a bayan gida ya yi ɗaki.

Na tambaye shi, malam, nawa ake biyan ma'aikata? Ya girgiza kai, ya ce a ƙauyensu in za ka tada ɗaki dangi da maƙwabta ne ke fitowa, wasu na ɗebo ruwa, wasu na taka ƙasa, mahaifiyarsa da ƙawayenta tun makonni kafin nan suna tara makuti, mai gida shi dai ya tabbatar an dafa abinci isasshe. To wannan ai gayya ce! Irin wadda na taso na gani a garinmu, in kaka ta yi an gama girbi sai a bi gida-gida ana gyaran jinka da yaɓe, wanda ka taya bana shi zai zo maka baɗi ba sai ka aika ba. Kuma makuti ba ya dawwama, bayan 'yan shekaru dole a sauya, kenan dole ka sake buƙatar mutane, dole ka zauna da su lafiya.

Ni kuwa shekarata 11 a Agege, ɗaki ɗaya a gidan haya, rufin kwano ba silin, in NEPA suka ɗauke wuta a watan Maris sai ka ga kowa ya fito da tabarma waje har ƙarfe 2 na dare saboda ɗakin ya koma tanda. Muna da yawa a gidan amma in kwano ya fara yoyo sai dai a jira mai gida ko ejan, babu wanda zai hau sama. Shi kuwa yana ce min ɗakin makuti da tsakar rana sanyi gare shi don iska na ratsa rufin, ban yi musu ba, na kwana a ɗakin soron kakata, na san yadda ƙasa ke riƙe sanyi.

Ya ba ni labarin kaya kuma. Kaya a wajensu daji ne mai alfarma, kufan garuruwan kakanninsu ne da suke a tsakiyar kurmi, dattawa ne ke tsaronsa kuma ba a sare ko reshe a ciki. Kaya Kinondo da ke kusa da bakin tekun Diani nasu ne, kuma akwai irin waɗannan dazukan na Mijikenda da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2008. Abin ya burge ni sosai, mutanen da da itace suke gini amma sun ware inda gatari ba ya shiga. Sannan a al'adarsu ta asali ta wajen uwa ake bin dangi, suna kiran zuri'ar fuko, har gado a da kawu ne ke bar wa ɗan 'yar'uwarsa, kafin Musulunci ya kawo rabon gado ga 'ya'ya.

Bai ɓoye min komai ba dai, ya ce matasansu ma yanzu bulo da kwano suke so, filaye a bakin tekun sun yi tsada saboda otal-otal, wanda ya samu kuɗi abin da yake fara yi ya rushe na ƙasa. Haka muka yi mu ma. Gidan ƙasa ya zama abin kunya, har sai ka ji ana cewa wane har yanzu a gidan laka yake, su kuma maginan da suka iya tubali da ɗaurin guga suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya ba magaji. Wannan abu yana ci min rai ƙwarai.

Da daddare na kira ƙanena a gida, na ce masa ɗakin Inna da muka yi shawarar rushewa a dakata, in na zo Sallah za mu nemo Baba magini ya duba mana azarar, sai mu gayyato 'yan unguwa a yi masa yaɓe.